Barkwancin Manaja Ba Ya Kayar da Kowa

A kantin da Likimo yake aiki ana sayar da firij da fanka da injin wanki da talabijin, amma aikin farko na kowace safiya, tun kafin a ɗaga ƙofa, dariya ce. Manaja ne ya kafa wannan doka, ko da yake bai taɓa kiranta doka ba. Yakan tara ma'aikata a tsakanin layin firij da layin talabijin da sunan bayanin aikin ranar. Zai yi jimla biyu kan aiki, sai ya gyara tsayuwa, ya ce af, ya tuna wani abu. Daga nan kowa sai ya shirya haƙoransa.

Labaransa ba su da yawa. Wanda ya fi so shi ne na wani mutum da ya dawo da fanka kanti, wai duk abin da ya tambaye ta sai ta girgiza masa kai. Wani makon mutumin baƙauye ne, wani makon surukin Manaja ne, amma fankar ba ta taɓa canja hali ba. Direban kanti, wani dattijo mai furfura, shi yakan buɗe fage da dukan cinya. Sakatariya takan rufe fuska da fayil ta riƙa karkaɗa kafaɗa, dabara mai sauƙi da ba ta cin maƙogwaro. Kowa ya san wanda dariyarsa ta fi ƙara shi ake fara ba hutu, kuma shi ba a ganin makararsa.

Likimo dai matsakaici ne. Yakan bayyana haƙora, ya fitar da ɗan sauti, ya koma goge gilashin talabijin. Shi ba dariya ce damuwarsa ba. Barci ne.

Barcin Likimo ba ya sallama. Yana cikin magana zai fizge shi, yana tsaye zai fizge shi, ya taɓa ɗauke shi da loma a baki. Sunan ma wani malaminsu na sakandare ne ya laƙaba masa, wanda ya rantse cewa yaron ba barci yake ba, likimo yake yi don ya raina masa hankali. Malamin ya yi ta dukan rainin hankalin har Likimo ya gaji ya bar masa makarantar, amma sunan ya biyo shi. A kanti an taɓa samunsa a tsaye, kansa a cikin firij, yana minshari a hankali. Wata rana yana yi wa wata mata bayanin injin wanki, ya kai wajen maɓallin matse ruwa sai ya tafi, matar ta tsaya tana jiran ƙarshen jimlar har ta gaji. Ranar Manaja ya nuna masa ƙofa da yatsa, ya ce saura sau ɗaya.

Ga kuma makarantar yamma. In an tashi daga kanti, Likimo yakan je koyon gyaran firij da na'urar sanyaya ɗaki, don ba shi da niyyar tsufa da tsumma a hannu. Ya riga ya maimaita aji, saboda malamin walda ya ce shi ba zai miƙa wuta ga mutumin da idanunsa ke rufewa ba. In bai riƙe wutar ba kuwa, ba zai shiga jarabawar aiki da hannu ta ƙarshen zango ba.

Yayarsa ce, wadda yake zaune a gidanta, ta ja shi asibiti. Aka manna masa wayoyi a kai, aka ce ya yi barci, karo na farko a rayuwarsa da wani ya roƙe shi hakan. Likita ya ce sunan abin narkolefsi, ba lalaci ba ne, ba raini ba ne, ƙwaƙwalwa ce ba ta riƙe iyakar barci da farke. Sannan ya tambaye shi ko gwiwoyinsa sukan saki in dariya ta kama shi. Likimo ya dubi Yaya, Yaya ta dube shi. A gida an daɗe da sanin wannan. In abu ya ba shi dariya sosai sai ya sulale ƙasa kamar rigar da ta zame daga ƙusa, yana jin komai, yana ganin komai, amma ko yatsa ba ya iya motsawa sai bayan ɗan lokaci. Likita ya ce wannan faɗuwar da barcin duk uwa ɗaya ce ta haife su. Ya rubuta ƙwaya ta safe, amma ya ce ƙwayar ita kaɗai ba za ta kai shi yamma ba. Dole ne kullum da tsakar rana ya sami wuri ya yi ɗan gajeren barci na ganganci, kafin na dole ya zo ya same shi a inda bai shirya ba.

Wannan ɗan barcin shi ne komai. Kuma wurin yinsa ɗaya ne a duk kantin, sito, inda ake tara kwalayen firij. Sito kuwa sai da izinin Manaja.

Yaya ta ce ya bar mata. Ta ci ado, ta fesa turare, ta je ofishin Manaja da Likimo a bayanta kamar ɗan da aka kai sabuwar makaranta. Ta iya roƙo, shi kuma Manaja yana son a roƙe shi. Ya jingina da kujera ya yi dogon jawabi a kan tausayinsa, da yadda ya ɗauki ma'aikata kamar 'ya'yan cikinsa, sannan ya ce an ba shi siton. Magana ta ƙare lafiya. Yaya ta miƙe, ta rataya jaka, ta kai bakin ƙofa. Da ta fita a lokacin da shi ke nan. Amma Yaya ba ta taɓa barin ɗaki da sauran magana a bakinta ba.

"Sai kuma abu ɗaya, ranka ya daɗe. In ka ga ya zube ƙasa kada hankalinka ya tashi, dariya ce. In abu ya ba shi dariya, ƙafafunsa ba sa ɗaukarsa."

"Dariya?" in ji Manaja.

"Ta gaske fa, wadda ta taso daga ciki. Ta yaƙe ba ta yi masa komai. Mu a gida ma da shi muke gane labarin da ya yi daɗi. In mijina ya gama zuba, sai mu dubi auta. In yana zaune daram, to a sake lale."

Manaja ya juya a hankali ya dubi Likimo, daga fuska har zuwa gwiwa.

"Ni ban taɓa ganin ya faɗi ba."

Yaya ta ce to ai sai godiya, ta yi sallama ta tafi tana jin ta gama wa ƙanenta aiki.

Washegari da safe Manaja ya ba da labarin fanka, idanunsa a kan gwiwoyin Likimo tun daga farko har ƙarshe. Direba ya daki cinya, Sakatariya ta ɗaga fayil, Likimo ya bayyana haƙora. Gwiwoyin suka tsaya kamar an dasa su da siminti. Manaja ya ƙara wani labarin, abin da bai saba ba. Gwiwoyin ba su motsa ba. Dariyar sauran ta fara yin sanyi, don Sakatariya ta ji duk abin da aka yi a ofis, kuma abin da Sakatariya ta ji, kanti ya ji.

Da tsakar rana Likimo ya nufi sito, ya tarar da shi a kulle. Manaja ya ce ana ƙirgar kaya. Washegari aka ce an fesa maganin ɓera. Ranar da ta biyo ba a ma ba da dalili ba. A makarantar yamma Likimo ya yi gyangyaɗi har goshinsa ya taɓa tebur, malamin walda ya wuce shi da wutar ya miƙa wa na kusa da shi.

Direba ne ya tare shi a bayan motar kaya.

"Ɗana, ka faɗi mana. Mene ne a cikin faɗuwa? Kai kana tsaye ƙiƙam kamar turken wuta, mu duk ka mai da mu maƙaryata. Ni da furfurata nake dukan cinyata kullum har ta yi kanta, ka ji na yi ƙorafi?"

Likimo ya ce shi ba da gangan yake faɗuwa ba, Baba. Direba ya ce shi ma ba da gangan yake dariya ba, iyali gare shi.

Da safe Likimo ya zaɓi wuri kusa da wani kwalin talabijin mai soso a ciki. Manaja ya kai inda fanka ke girgiza kai, Likimo ya ce wayyo, ya dafa ƙasa da hannu, ya kwanta a gefe guda yana kallon ƙafar firij. Da ya saci kallo sai ya ga fuskar Manaja tana sheƙi kamar ta wanda aka yi wa albishir ɗin haihuwa. Ranar an buɗe sito tun kafin lokaci. Manaja da kansa ya kawo masa soson da zai yi matashi.

Abin haushin shi ne maganar likita gaskiya ce. Likimo yakan shimfiɗa kwalin firij, ya kwanta cikin warin sabuwar roba, ya tafi kafin ƙofa ta gama rufuwa. In ya tashi sai ya ji kamar an wanke masa kai da ruwan sanyi. Ya daina barin mutane a tsakiyar jimla. A makaranta ya haɗa bututun jan ƙarfe biyu, malamin ya juya su, ya hura, ya nemi inda ke yoyo bai samu ba, sai ya ce cikin ƙunƙuni to ya shirya wa jarabawa.

Sai dai Manaja ya ɗanɗana, kuma ba ya ƙoshi. Faɗuwar mako ta koma ta kullum. Ya fara tono sababbin labarai a waya, waɗanda ba a gane inda suka ƙare, har sai da Sakatariya ta ɗauki nauyin yar da biro ƙasa in lokacin dariya ya yi. Likimo ya tsara abin mataki mataki. Ƙaramin labari durƙuso, matsakaici zama daɓas, babba kuwa kwanciya. Wata rana biron ya suɓuce mata bisa kuskure, Likimo ya zube tun Manaja bai wuce gabatarwa ba. Manaja ya duba, ya jinjina kai, ya ce ai shi labarin nan tun daga farkonsa yake da zafi.

Daga baya abin ya wuce safiya. In abokin Manaja ya zo, sai a kira Likimo ya tsaya a gefe. In mai kawo kaya ya zo, haka. Ƙugunsa ya yi tsami, gwiwar wandonsa ta koɗe. Da Yaya ta ga yana ɗingishi ta ce ciwon ƙaruwa yake yi, a koma wa likita. Ta tambaye shi sau nawa yake faɗuwa yanzu, shi kuma ya tambaye ta wacce take nufi, ta aiki ko ta gaske. Da ta gane, ta yi dariya har da hawaye, shi ko murmushi bai yi ba.

Ana saura 'yan kwanaki jarabawa aka kawo kujerar tausa kanti. Baƙa ce, ƙatuwa, da wurin zura ƙafa da wurin zura hannu, da rimot mai maɓallai kamar na jirgi. Takardar bayaninta tana cikin leda, ba wanda ya buɗe, don Manaja ya ce shi ya san irinta tun a ƙasashen waje. A ranar ne kuma wata mata ta zo, mai saya wa wani babban otal kaya. Doguwa ce, da tabarau, irin fuskar da ba ta ba da bashin murmushi. Manaja ya ga babban ciniki, ya ga kuma sabon kunne. Ya yafito Likimo ya tsaya kusa, ya miƙa masa akwatin na'urar markaɗe ya riƙe don kada tsayuwar ta zama babu dalili.

Manaja ya zauna a kujerar, ya zura ƙafafu, ya ce wa matar ta kalli yadda ake hutawa. Ya danna maɓalli, ya ce af, ya tuna wani abu.

Kujerar ta fara a hankali, kamar mai ladabi. Sai ta matse masa ƙafafu. Sai ta kwanta da shi baya har takalmansa suka fi kansa tsawo. Manaja ya ci gaba da labari yana danne-danne da babban yatsa, kowace dannawa kuma sai ta ƙara wa kujerar himma. Wani abu ya fara dukan bayansa daga ƙugu zuwa wuya, muryarsa ta koma rawa kamar ta akuya a bayan mota a hanya mai gargada. Kumatunsa suna kaɗawa, tumbinsa yana kaɗawa, rimot ya faɗi, amma bai saki labarin ba. Yana kallon rufi yana fitar da shi gutsure gutsure, yana ɗaga gira wajen matar don ta san wurin daɗin yana tafe. Matar ta gyara tabarau ta tambaya ko haka take yi wa kowa.

Likimo ya ji abin yana tasowa daga cikinsa. Ya ciji leɓe. Ya kalli bango. Ina, ya makara. Haɓarsa ta saki, idanunsa suka lumshe rabi, kansa ya faɗo kan ƙirji, gwiwoyin suka naɗe. Ya tafi gaba ɗaya kamar buhun da aka zare wa ɗinki, goshinsa ya bugi gefen injin wanki, akwatin ya yi nasa wuri. Babu wayyo, babu dafa ƙasa.

Direba ne ya zare waya daga soket. Kujerar ta tsaya a yadda take, da Manaja a kwance ƙafafu sama, kansa a karkace yana kallon Likimo. Kuma Likimo, da yake jin komai yana ganin komai, ya ga lokacin da Manaja ya gane.

Matar ta tsuguna ta duba goshin, ta ce a kawo ƙanƙara, kanti cike da firij aka rasa guda mai aiki. Ta tafi ba ta sayi ko cokali ba. Aka ciro Manaja da ƙyar, kujerar ta riƙe takalmi ɗaya.

Bayan ɗan lokaci aka ce Likimo ya zo ofis. Ya tafi da ƙullutu a goshi, yana lissafin abin da ya rage masa. In an kulle sito, wutar walda ta wuce shi, jarabawa ta wuce shi, sai wata shekarar in malamin ya yarda. Ya tarar da Manaja a tsaye bakin taga, ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya da safa.

"Yau ba ka ce wayyo ba."

"Yallaɓai."

"Ba ka dafa ƙasa ba. Ba ka nemi kwali ba. Bakinka ma a buɗe yake kamar na kifi. Wannan ita ce ta gasken, ko?"

Likimo ya sunkuyar da kai, Manaja ya ci gaba.

"Duk waɗancan fa? Ko sau ɗaya?"

Likimo ya so ya yi ƙarya, amma barci ya fara ja masa ido, lokacin sitonsa ya wuce, ƙwaƙwalwarsa ba ta da ƙarfin ƙirƙira. Ya ce a yi haƙuri, yallaɓai, shi dai siton yake bukata.

Manaja ya zauna a bakin tebur. Bai yi tsawa ba, abin da ya fi ba Likimo tsoro. Ya fara magana ƙasa ƙasa, wai mutane ba su san wahalar abin ba. Wai yakan gwada kowane labari a gaban madubi kafin ya fito. Wai matarsa takan tashi ta shiga kicin da zarar ya ce af, 'ya'yansa kuma sai su tuna suna da aikin makaranta. Idanunsa suka kawo ruwa. Ya miƙe ƙafar mai safa, babban yatsa ya leƙo ta wata huda, ya dafa ƙirji.

"Ni fa da ba don kasuwanci ya ɗauke ni ba, da yanzu a cikin talabijin ɗin nan da kake gogewa kake kallona."

Likimo ya tuna bulalar malamin sakandare. Ya tuna jarabawa. Ya tuna duk wani abin baƙin ciki da ya mallaka, ya jera su a gabansa. Yatsan ya motsa a cikin hudar. Haɓarsa ta saki.

Ya sami kansa a kan kafet, kunci a ƙasa, yana kallon ƙafar tebur. Ya ji Manaja ya taso, ya tsaya a kansa. Manaja ya ɗaga hannun Likimo ya saki, hannun ya faɗi yaraf. Ya leƙa bakin. Ya daɗe a tsugune, kuma Likimo ya san abin da yake aunawa. Ko dai yaron kanti ya yi wa hawayensa dariya, ko kuwa shi Manaja ya faɗi abin da ya kayar da mutum da gaske. Ɗaya za a kori wani a kai, ɗaya kuma za a ba da labarinsa.

Manaja ya miƙe ya buɗe ƙofa.

"Ku zo ku shaida. Babu hannu, babu kwali, babu wayyo. Kuma ban ma shirya ba, haka kawai ta fito. Abin a jini yake."

Suka taru a bakin ƙofa. Manaja ya maimaita musu maganar talabijin, da dafa ƙirjin da komai. Ba wanda ya san inda abin dariyar yake, Sakatariya kuma ba ta zo da biro ba, sai da Direba ya daki cinya sannan sauran suka bi. Manaja ya sanar cewa sito na Likimo ne, kada wanda ya ƙara kulle shi. Amma tunda yanzu an ga zai iya, daga gobe ba ya karɓar jabu, ta gaske yake so.

Direba ya sunkuyo kamar zai gyara masa wuya, ya raɗa masa cewa kada ya damu, ɗana, akwai injin tsotsar ƙura da ke zuwa mako mai zuwa, shi ma Manaja ya ce ya san irinsa.

Ƙarfi ya fara dawo wa Likimo ta yatsu. Zai iya tashi in ya so. Amma kafet ɗin ofis ya fi kwali laushi nesa ba kusa ba, ga sanyin na'ura yana sauka a bayansa. Sakatariya ta ce ga alama fa barci ya ɗauke shi, ko a tashe shi. Manaja ya ɗaga hannu ya ce a bar shi, aikinsa ne, kowa ya fita a hankali. Ya ja ƙofar da kansa, ya tafi neman takalminsa.